Mutumin da Yake Ɗinke Ƙarshen Littafi

Duk wanda ya taɓa kai hula wanki rumfar Kawu Bukar a Kwaciri ya san allurar nan da take soke a gefen hularsa, da ɗan zare yana reto. Ku kun ɗauka ta gyaran hula ce. To, rabin gaskiya kenan. Babban aikinta ɗinke littafi. Ba wanda ya yage ba fa, sabo dal.

Da zarar littafi ya shigo hannunsa, kafin ma ya kalli zanen bango, sai ya kifa shi a cinya, ya kau da kai gefe kamar wanda ya yi kiciɓis da surukarsa, ya lalubo shafukan ƙarshe da yatsa, ya haɗe su da bangon baya ya bi su da zare. Ɗinki kuwa na gaske, irin na bakin hula. Sai ranar da karatu ya kai shi wurin zai buɗe. Kuma ba ya yanke zaren, Allah Ya kiyaye! Warware shi yake yi a hankali, ya nannaɗe a tsinken ashana, ya ajiye wa littafi na gaba. In ya gajarce ya ƙulla masa ƙari. Zaren nan ya fara da ja, amma lokacin da na san shi babu launin da babu a jikinsa.

Na taɓa ce masa, "Kawu, ba sai ka ƙi dubawa ba kawai?"

Ya ce, "Modu, ido ɓarawo ne. Ba a bar masa ƙofa a buɗe a ce ya yi haƙuri."

Ni ne Modun, ɗan ƙanwarsa, mai adaidaita sahu. Firamare ma ban gama ba, kuma bayana ciwo yake. Amma 'yan majalisar hirar rumfarsa sun ce ni zan rubuta wani abu a kansa tunda ni na fi kowa shan wahalarsa. To ga shi nan yadda ya zo, wanda bai yi masa ba ya rubuta nasa.

Ɗanliti mai hayar littafi a bakin kasuwar Sabon Gari shi ne na biyu a shan wahala. Kullum sai ya ɗaga littafi ya haska a rana ya ce, "Baba, dubi fa, bayan nan ya koma rariya."

Kawu ya ce, "Gata na yi masa. Littafinka tsirara yake yawo a gari, ni na sa masa wando."

Karatunsa kuwa iri ɗaya ne: littattafan yaƙi, na aljanu da dodanni da matsafa, da biranen da suke ƙarƙashin ruwa ko saman gajimare. Na soyayya ko da kuskure bai taɓa ba. Ya ce in kukan mutum biyu yake so ya ji, ga maƙota nan. Kuma hukuncinsa uku ne. Littafin da ya burge shi ƙarƙashin matashi zai kwana kafin a mayar. Na tsaka-tsaki ya kwana a akwatin huluna. Na ukun kuwa kun san kalmar, don har yaran layi sun haddace ta: "A kai wa mai ƙosai!"

Abin da yake kai littafi wurin mai ƙosai yana da yawa. Na farko jarumin da ba ya cin abinci. "Tun shafin farko yake sara, ko ruwa bai kurɓa ba. Wannan ba jarumi ba ne, injin markaɗe ne. Shi ma injin ai ana zuba masa mai." Sai takobin da ya iya komai, ya yi sara, ya yi haske, ya nuna hanya, har ya ba da shawara. Kawu ya ce to a naɗa takobin sarauta mana, mai riƙe da shi ya koma gida ya yi noma. Sai aljani wawa. Wannan yana ƙona masa rai ƙwarai. "Aljani ya shekara dubu yana ganin duniya, sai yaron da ko gemu bai fara ba ya yi masa wayo da magana biyu? Ko ɗan kamashon kasuwar Kwari ba a yi masa haka!"

Dodo kuwa nasa ne. Duk littafin da ya buɗe yana bayan dodo. "Bawan Allah an ba shi gadi, yana gadinsa, bai shiga gidan kowa ba. Wani ɗan sarki ya taso tun daga garinsu ya zo ya kashe shi a bakin aikinsa, kuma a ce mu yi tafi."

Amma uwa-uba, abin da ba ya yafewa duniya da lahira, shi ne a ja shi a ja shi, ya warware zarensa da bisimilla, sai ya tarar an rubuta wai jarumi ya farka, ashe mafarki yake yi. Ranar da aka fara yi masa haka da ƙafarsa ya taka ya kai wa Iya mai ƙosai ta bakin titi, ya manta littafin na haya ne. Kafin Ɗanliti ya ji labari ya zo, rabin yaƙin ya tafi gidajen mutane da yaji a ciki.

Kun tuna maganar doki? Waɗanda ba sa nan bari in ba ku. Wani matashi ɗan gayu ya kawo hularsa, zanna mai kyau, ranar Asabar za a ɗaura masa aure. Sai wani a rumfar ya ce, "Baba, ai shi ne ya rubuta littafin nan da yake cinyarka." Yaro ya gyara tsayuwa yana murmushi, yana jiran yabo. Kawu ya zare tabarau ya dube shi sama da ƙasa.

Ya ce, "Ina dokin?"

"Wane doki, Baba?"

"Baƙin dokin da yaronka ya ɗaure a gindin tsamiya a bakin kogo, a littafi na ɗaya. Ya shiga kogon, tsuntsu ya ɗauke shi ta sama, ya ci garuruwa, ya auri 'yar sarkin aljanu. Ga mu a na uku. Wa yake ba dokin nan ruwa?"

Yaro ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai labari ne."

"Au, labari ne? To hularka ma labari ce."

Ya jefa ta a akwati ya hau kai ya zauna. Wallahi sai da yaron nan ya dawo ranar Juma'a da yayan babansa, aka yi zaman sulhu a kan benci kamar rikicin gona, ya ɗauki alkawarin zai kwance dokin. Sannan Kawu ya fito da hular, ta sha wanki ta sha sitaci, an yi mata karin da ango bai taɓa gani ba.

Da littafi na huɗu ya fito kuwa sai ga shi an rubuta, wai wani tsoho mai wankin hula ya zo wucewa ya ga doki ya rame, ya kwance shi ya kai shi rafi. Muka ɗau shewa, muka ce Kawu ya shiga littafi. Shi kuwa ya karanta, ya sake karantawa, ya haɗe rai.

"Igiyar fa? Ya tafi ya bar igiya mai kyau a jikin bishiya. Wannan tsohon banza ne, ba ni ba ne."

To, duk wannan dariya ce. Inda abin ya zama ba dariya ba shi ne tsakaninsa da Alhaji Rasaki.

Kun san Alhaji Rasaki, mai shagon kuloli da robobi a cikin Sabon Gari. Bayerabe ne haifaffen Fagge, Hausarsa ta fi tawa tsafta. Tare suka yi wasan ƙasa da Kawu, tare suka fara cin goro, tare suka kamu da ciwon littafi. Kullum bayan la'asar sai ya bar wa 'ya'yansa shago ya zo rumfa, su zauna tsakanin hulunan da aka shanya su yi ta musu har magariba. Kawu ya ce masa Bayerabe mai baki, shi ya ce masa Babarbare mai taurin kai. Ban taɓa jin sun yarda da juna a kan littafi ɗaya ba. Alhaji yana son jarumi mai dabara, wanda zai ci yaƙi rigarsa ko ƙura ba ta yi ba. Kawu kuwa sai wanda ya sha duka ya dawo gida da ɗingishi.

Da yake Alhaji ya yi sakandare, yakan samo na Turanci, irin masu labarin allolin mutanen da na wasu ƙasashe, ya riƙa fassara masa. Kawu zai ce, "A'uzu billahi, gumaka ne." Sai kuma ya matso da benci. "To sai aka yi yaya?" Wata rana ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, tsaya. Wannan ya ɗauke matar wancan, wancan ya jefe shi da tsawa, uwarsu ta kai ƙara wurin babba, babban shi ma ba shi da gaskiya. Rasaki, waɗannan ai 'yan gidan haya ne. Famfo ɗaya ya rage a sa musu a tsakar gida."

Amma babban bambancinsu, shi Alhaji daga baya yake fara littafi. Ƙarshe tukuna, sannan farko. Ya ce, "Ni ɗan kasuwa ne. Kula ma sai na juya gindinta na duba kafin in sara. In jarumi mutuwa zai yi, in sani tun yanzu, kada in zuba masa ƙauna a banza."

Kawu ya ce, "Kai ne mai tsince naman miya kafin a kawo tuwo."

Suna da doka ɗaya tak: Alhaji ya san abin da ya sani, ya riƙe bakinsa. Kuma ya riƙe, shekara da shekaru, duk da bakin nan nasa ba na riƙewa ba ne.

Sai azumin nan. In watan Ramadan ya kama, Kawu ba ƙarshe kaɗai yake ɗinkewa ba, littafin gaba ɗaya yake zagayewa da zare, duk inda ya tsaya. Ya ce shaiɗanu ma an ɗaure su, balle takardunsu. A shekarar yana tsakiyar wani littafi mai wani tsohon dodo mai ido ɗaya, mai gadin wata gada. Dodon nan yana da tari, yana da ciwon gwiwa, ya tsinci wata jaririya a bakin ruwa ya raine ta da nonon barewa. Kawu ba ya ce masa komai sai "mutumina". Aka ga wata daidai lokacin da rundunar sarki ta iso bakin gadar. Haka ya ɗinke, ya yi wata guda yana tarawih da dodo a maƙale a zuciya.

Washegarin salla muna zaune a rumfa, ya ɗauko littafin ya ɗora a cinya, ya zaro allura zai fara warwarewa, sai ga Alhaji Rasaki cikin babbar riga tana ƙamshi. Ya ɗauka Kawu ya gama tun kafin azumi. Ya zauna, ya sunkuyar da kai, ya yi ajiyar zuciya irin ta gidan makoki.

"Bukar, ya haƙuri?"

 Kawu ya ce, "Inna lillahi! Wa ya rasu?"

"Mutuminka mana, na bakin gada. Wallahi ya yi ƙoƙari. Da ba don yarinyar nan da ya raina ta nuna musu inda ransa yake ba, da..."

A nan idonsa ya sauka a kan cinyar Kawu, ya ga zare a zagaye. Bakinsa ya tsaya a buɗe. Kai, ban taɓa jin Fagge ta yi shiru irin na lokacin ba, ko hon ɗin babur babu.

Kawu ya mayar da allura jikin hula a hankali. Bai kalle shi ba. Ni ya kalla.

"Modu, gaya wa mutumin nan takalminsa yana waje."

Daga ranar na shiga uku. Kawu ya san hukuncin gaba sarai, don haka bai yarda an kama shi da ita ba. In sun haɗu a masallaci zai yi masa sallama cikakkiya har da wa barakatuhu, in an yi masa ya amsa. Bayan wannan ko "a" babu. Liman ya kira shi ya yi masa nasiha, ya ce, "Malam, na yi masa sallama, ya amsa. Ina gabar?" Liman ya sallame shi. Alhaji ya zo ban haƙuri da kansa, ya aiko manya, ya aiko da ƙwaryar goro. Goron dai an ci.

Kuma abin haushin, ba su rabu ba. Alhaji bai kai hularsa wani wuri ba, Kawu bai daina wanke ta ba, har ya fi ba ta kulawa a kan ta kowa. Alhaji bai daina sayen littafi yana aikowa ba, Kawu bai daina karɓa ba, sai dai ya ce, "Ajiye nan, ban tambayi daga ina ba." Wa yake kai hula ya dawo da littafi, ya kai littafi ya dawo da hula? Ni. Daga Kwaciri zuwa Sabon Gari, cikin rana, cikin cunkoso, fasinja suna tsayar da ni ina wucewa. Babu wanda ya taɓa ce mini sannu a cikinsu.

Duk zuwan da zan yi sai Alhaji ya ja ni bayan kuloli ya ce, "Ya ce wani abu?"

In ce, "Ya ce in gaya wa mai hular nan ya daina gyara ta da hannun miya."

Sai ya yi ta murna kamar an aiko masa da gaisuwa daga Makka.

Littafin dodon kuwa Kawu ya karance shi. Na same shi ranar idonsa jawur, ya ce kumfar sabulu ce. A ƙarƙashin matashi ya kwana.

Wata rana na gaji na ce, "Kawu, gaskiya zan faɗa maka. Dodon nan fa babu shi, wani ne ya zauna ya ƙirƙira. Alhaji Rasaki kuwa ga shi nan da ransa, kuma ku biyun babu yaro. Kana so ɗayanku ya tafi a haka?"

Ya ce, "Na san babu dodo, ba mahaukaci ba ne ni. Wata guda na yi ina tanadin fargabar nan, ina lallaɓa ta kamar naman salla. Ya zo da baki ɗaya ya lashe. Ka taɓa ganin an mayar da ƙwai cikin ɓawonsa?"

Na ce ban taɓa ba. Na tashi na kama sana'ata.

Haka shekaru suka ja. Ciwon suga ya taso masa, ido ya fara hazo, har ya kai ba ya ganin rubutu. Ɗinki dai yana yi da lalube, amma karatu sai ni. Jama'a, ni da karatu ai sai a hankali, kamar adaidaita a cikin taɓo. In sa yatsa in bi kalma, in dawo baya, in sake tasowa.

"Modu, takobin nan tun azahar aka zare shi. In ba za ka sauke shi ba, a ba abokin gaba haƙuri ya tafi gida ya ci abinci."

Ga sunaye kamar an zubar da tsakuwa a kwano. Da na ga za su karya mini harshe sai na riƙa sauya su da namu. Ya bari na yi nisa sannan ya ce, "Tsaya. Sarkin aljanun teku bakwai ne Tanko?"

Na ce, "Kawu, Tankon ma da ƙyar na kawo shi nan."

Littafin ƙarshe da Alhaji ya aiko ƙato ne. Labarin ɗan wani masunci da ya nutsa ƙarƙashin kogi neman ƙanensa da mutanen ruwa suka ɗauke. Kawu ya so littafin nan ba kaɗan ba. Yaron yana cin abinci a kan kari, ya ɗaure kwalekwalensa da kyau kafin ya shiga ruwa, kuma kadan da yake gadin ƙofar birnin ba a kashe shi ba, gaishe shi aka yi aka wuce. Kawu ya ce, "Wannan marubucin ɗan halak ne. Ƙarƙashin matashi."

Muna ɗan wuce rabi jiki ya rikice. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi, ya daina zuwa rumfa, abinci ma sai Inna Falmata, matarsa, ta yi da gaske yake kurɓar kunu. Zama ya gagara, sai kwanciya. Wata safiya na shigo ya ce in miƙo masa littafin. Ya kama abin da muka karanta da yatsu biyu, ya kama abin da ya rage, ya auna kauri. Ya daɗe yana shafa ɗinkin.

"Modu, da wannan tafiyar hawainiyar taka, ni da littafin nan ba za mu isa tare ba. Je ka ɗauko mini mai bakin nan."

Ban tsaya neman takalmi na biyu ba. Na sami Alhaji yana ciniki da wata hajiya, kula a hannunta. Na ce, "Alhaji, taso, mutuminka yana nemanka, kuma jikin babu daɗi."

Ya ce, "Shi ya ce?"

"Shi ya ce."

"Me ya ce? Faɗa mini yadda ya faɗa."

"Cewa ya yi in ɗauko mai bakin nan."

Ya share ido da hannun riga ya ce, "Ni ne." Ya bar hajiya da kula a hannu. A hanya kuwa ya yi ta dukan bayana, bayan da yake ciwo, wai in yi sauri, kamar ni na jera motocin titin.

Muka shiga, Inna ta ba mu wuri. Alhaji ya yi sallama, Kawu ya amsa cikakkiya kamar kullum. 

"Modu, gaya wa mutumin nan ya zauna."

Alhaji ya zauna a bakin katifa.

"Modu, gaya wa mutumin nan..."

Na ce, "Kawu, ni na gaji. Ga shi nan gwiwarsa tana taɓa taka. Ka gaya masa da kanka."

Na ɗauka zai zage ni. Sai ya juya kansa wajen da yake jin numfashi.

"Rasaki."

"Na'am, Bukar."

"Yi halin naka. Yaron nan ya samo ƙanensa ko bai samo ba?"

Ku ji fa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗinke ƙarshe, yau shi yake roƙon a faɗa masa. 

"Wallahi Bukar ban sani ba."

"Kai ka aiko da shi."

"Ni na aiko. Amma tun washegarin sallar nan ban ƙara leƙa bayan littafi ba. Duk wanda na saya sai ya je wurinka ya dawo da hujin allura, sannan in karanta, daga farko, kamar mutumin kirki."

Kawu ya fara dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na ɗago kansa. "Ɗan banza! Tun muna yara kake ɓarnar nan. Yau da ake neman ɓarnar taka, yau ka ga damar shiryuwa!"

Ya tura masa littafin. "Ga reza can a taga. Yanke zaren ka karanta mini."

Alhaji ya ce, "Ba a yanke zaren nan."

"Na wane littafin zan ajiye shi?"

 Alhaji ya miƙe ya zaro allurar daga hular da take rataye a ƙusa, ya dawo ya bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya yana warwarewa. Ya nannaɗe zaren a tsinken ashana, ya sa a aljihun gaba. Sannan ya gyara murya.

Kai, Alhaji ya iya karatu! Sarkin ruwa da muryarsa, kada da muryarsa. Ni kaina na manta ina da fasinja a duniya. Yaro ya ratsa fada, ya sauka kurkukun da yake can ƙasa, ya ji muryar ƙanensa a bayan ƙofa tana kiran sunansa. Kawu ya damƙe bargo. Yaro ya ɗora hannu a kan sakata. Sai muryar Alhaji ta fara yin ƙasa, ta yi ƙasa, ya tsaya.

"Ci gaba mana!"

"Bukar... wai sai ya ji ana yayyafa masa ruwa. Wai babarsa ce, tana cewa ya tashi rana ta yi. Ga ƙanen nasa a gefe yana barci."

Mutumin da ya kwana biyu ko juyi sai an juya shi, wallahi zumbur ya tashi zaune.

"Me ka ce?"

"Haka aka rubuta. Ashe mafar..."

"Mafarki? Duk kifin da yaron nan ya ci? Kadan da muka gaisa da shi? Kwalekwalen da aka ɗaure?"

Alhaji ya buga littafin a cinya. "Macuci! Azzalumi! Wallahi da na leƙa tun a kasuwa da ban aiko maka da shi ba!"

"Ka gani! Amfaninka guda ɗaya a duniya, shi ka bari!"

Inna ta faɗo ɗakin da salati, ta ɗauka rai ya yi halinsa. Ta tarar da tsofaffi biyu riƙe da hannun juna, hawaye shaɓe-shaɓe, suna tsine wa wani bawan Allah da ba su taɓa gani ba. Ta ce lafiya? Suka haɗa baki, karo na farko a rayuwarsu da suka yarda a kan littafi: "A kai wa mai ƙosai!"

Ranar Kawu ya shanye kunu kofi guda, ya nemi ƙari.

Daga nan kullum bayan la'asar sai in ɗauko Alhaji. Ba su ƙara buɗe littafi ba. Tsofaffin musunsu suka riƙa tonowa, wane jarumi ne matsoraci, wane aljani aka zalunta, suna biyan bashin hirar da suka bari. Ana gobe zai rasu, muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da Alhaji ya kai kunne.

"Rasaki, ta'aziyyar nan da ka yi mini ta mutumina na bakin gada."

"Bukar, don Allah ka bar..."

"Na karɓa. An gode, Allah Ya ba da lada."

Da hantsi ya cika, Inna tana gefensa, da kalmar shahada a bakinsa. A zaman makoki mutane suka riƙa wuce mu 'yan'uwa suna zuwa gaban Alhaji Rasaki suna cewa ya haƙuri. Mai bakin nan, ranar ko kalma ɗaya bai iya fitarwa ba, sai ɗaga kai.

Littafin bai je wurin mai ƙosai ba, yana shagon Alhaji a saman kanta. Kwanan baya na sauke fasinja a Sabon Gari na leƙa gaishe shi, na same shi ya kifa wani sabon littafi a cinya, ya kau da kai gefe, yana fama da allura da zaren nan mai launi-launi. Ɗinkin ya karkace kamar layin adaidaita a tasha, ya soki yatsa har ya ɗaure da tsumma. Na ce, "Alhaji, da Kawu zai ga wannan aikin da ya sake daina yi maka magana." Ya ce in fita masa daga shago.

Allah Ka jiƙan Bukar mai hula, Ka yafe masa taurin kai, Ka haskaka masa kabari fiye da yadda idonsa ya yi duhu. Namu ƙarshen ma a ɗinke yake, babu mai leƙawa. Shi an warware masa nasa. Ya Allah Ka sa abin da ya tarar a ciki alheri ne tabbatacce, wanda ba a farkawa daga gare shi. Amin.